E. coli ɗaya ce a takarda, me ya sa take kashe kajin wani ta ƙyale na wani?

Masu kiwon kaji a Aboabo da Asawase, cikin Kumasi, sun sha kawo waɗannan tambayoyi, musamman da damina.

Tambaya: Gwaji ya nuna E. coli ce ta kashe mini kaji, alhali an ce kowace kaza na da ita a hanji. Yaya ke nan?

Amsa: Haka ne, Hajiya. E. coli sunan zuri'ar wata ƙwayar bakteriya ne, kuma yawancin zuri'ar zamansu suke a hanji ba sa taɓa kowa. Masu ɓarnar, irin O78, O1 da O2, sun fi sauran kayan aiki ne. Sukan ɗauki wani ɗan zoben DNA (sinadarin da ke ɗauke da halayen gado) mai suna plasmid. Jikin kaza yana ɓoye sinadarin ƙarfe don ƙwayar cuta ta rasa abin hayayyafa, to a zoben nan akwai umarnin yadda za ta ƙwace shi. Akwai kuma na kare kanta daga garkuwar da ke cikin jini. Wadda ba ta da waɗannan, da ta faɗa jini an gama da ita. Mai su kuwa sai ta isa hanta da zuciya. In kin feɗe kazar za ki tarar da wani farin ɓawo mai ratsin rawaya ya lulluɓe su, kamar an shafa wagashi.

Tambaya: Marar lahani za ta iya rikiɗewa?

Amsa: Ƙwarai. Ƙwayoyin kan manne da juna su miƙa zoben, kuma ta wannan hanya ce bijire wa magani ke yaɗuwa. Mai zuba maganin tetracycline a ruwa duk mako "don rigakafi" masu rauni yake kashewa, ya bar wa masu taurin kai fili.

Tambaya: E. coli kaɗai ke haka?

Amsa: A'a. Ƙwayoyin Salmonella Pullorum da Gallinarum kamar Hassan da Husaini suke, amma ta farko 'yan tsaki take ɗauka a makonni 3 na farko da farin zawo, ta biyu kuma ta fi kayar da manya. Danginsu Enteritidis sau da yawa ba ta ko sa babbar kaza tagumi, sai ta bi ƙwai ta kwantar da mutum.

Tambaya: Ke nan in muguwar ta shigo ba makawa?

Amsa: Sai bango ya tsage, Alhaji. Garin katako ya jiƙe a gindin mazubin ruwa, iskar amoniya ta tashi daga kashin kajin, ta wuce 25 ppm (25 cikin miliyan na iskar ɗakin) ta lalata 'yan gasun da ke share maƙogwaron kaza, ƙurar kashi mai ɗauke da E. coli ta zarce zuwa jakunkunan iska na numfashinta. Ka durƙusa daidai tsayin kazar: in idonka ya yi yaji, su sun daɗe suna sha. Cututtukan Gumboro da Newcastle ma kan buɗe ƙofar.

Tambaya: Me zan kai ɗakin gwaji?

Amsa: Kashi kaɗai ba zai faɗa maka komai ba, E. coli za a samu ko kazar ƙalau take. Kai kaji 3 zuwa 5 masu ciwo da ba a fara ba magani ba, ko waɗanda suka mutu yanzu-yanzu a cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara, amma kada su daskare. A ɗakin gwajin dabbobi na gwamnati da ke Amakom, ka nemi a ɗebi samfur daga hanta, zuciya ko ɓargo, a kuma gwada maganin da har yanzu yake cin ƙwayar.