Ina Ya Kamata Kyamara Ta Tsaya? Amsoshi Ga Masu Koyon Ɗaukar Fim

Daga Garwa zuwa Marwa, har Kusiri da Injamena, matasa da yawa sun shiga harkar fim, wasu da waya, wasu da kyamarar da suke ɗaukar biki da ita. Labari suna da shi, 'yan wasa ma akwai. Abin da ya fi kayar musu da aiki shi ne wurin da suke dasa kyamara. Ga tambayoyin da masu koyo suka fi kawo mini, da abin da nake gaya musu.

Malam, ba tsadar kyamara ce ke kawo kyan hoto ba?

Kyamara mai tsada hoto garau take bayarwa, iyakarta ke nan. Ba ta san wanda ya kamata a kalla ba. Mai kallo kuwa ba shi da ido sai wanda ka ara masa, inda ka tsayar da kyamara nan ka zaunar da shi, kuma ba damar ya waiga. A ce uba yana yi wa ɗansa faɗa. In ka tsaya bayan uban, fuskar yaron za mu gani, labarin ya zama na tsoronsa ko taurin kansa. In ka zagaya bayan yaron, sai mu ga ɓacin ran uban, wataƙila har da tausayin da yake ɓoyewa. Magana ba ta canza ba, amma fim biyu ne daban.

Ɗauka iri nawa ya kamata in fara sani?

Uku sun ishe ka farawa. Ta nesa tana nuna wuri da waɗanda ke cikinsa. Ta tsakiya, daga ƙugu zuwa sama, ita ce ta hira. Ta kusa kuma fuska ce, ko hannun da ke jan carbi, ko yatsun da ke murɗa bakin mayafi. Sa'ad da 'yan'uwan nan Lumière, Faransawan da ke cikin waɗanda suka fara yin fim, suka nuna fina-finansu a Paris a 1895, kyamara a kafe take wuri ɗaya, komai ya wuce ta gabanta. Abin da ke ci mini rai shi ne har yau wasu yaranmu haka suke yi: a jera mutum huɗu a kujera jikin bango, a kunna, a yi ta surutu minti biyar. Kowace fitowa ka ɗauke ta daga nesa tukuna, sannan ka matso a maimaita. Ta kusa kada ka yi almubazzaranci da ita, ka adana ta sai zuciyar ɗan wasa ta motsa.

Na karanta cewa babba ana ɗaukarsa daga ƙasa, mai rauni daga sama. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Kyamarar da ke kallon mutum daga ƙasa tana ƙara masa kwarjini, wadda ke leƙo shi daga sama tana rage shi. Sai dai littattafan da ke koyar da wannan, na Faransanci da na Turanci, an rubuta su ne da mutanen da ke tsaye ko kan kujera a zuci. Mu kuwa rabin rayuwarmu a ƙasa take. Dattijo yana kan buzu ko tabarma, yaro ya zo ya durƙusa, a ci abinci a ƙasa, a yi sulhu a ƙasa, a ɗaura aure a ƙasa.

To ga abin da ke faruwa. Mai ɗauka ya shigo zaure ya tsaya ƙiƙam, waya a daidai ƙirjinsa, ya karkato ta kan dattijon da ke zaune. Me ya fito? Saman hula, da goshi, da tabarma ta cika rabin hoto. Ya ƙasƙantar da mai gidan da labarin ke son a girmama, shi kuma bai sani ba. A zahiri ba wanda zai tsaya a kan dattijo haka, don haka mai kallo yana jin wani abu ba daidai ba ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Ka sauko da kyamara daidai idon wanda ke zaune, wato ƙasa da mita ɗaya. Daraktan nan na Japan, Yasujiro Ozu, wanda ya rasu a 1963, da wannan aka san shi, don mutanensa ma a tabarma suke zama, sai ya riƙa ajiye kyamararsa can ƙasa. In sandarka mai ƙafa uku ba ta sauka haka, ka kifa turmi ko ka jawo 'yar kujerar tsakar gida, ka ɗora ƙaramin buhun yashi, ka kwantar da kyamara a kai.

Akwai kuma maganar kunya. Yarinya a gaban mahaifinta ba ta ɗaga ido, amarya ma haka. In kana sama, ɗankwali kawai za ka samu. In ka yi ƙasa da haɓarta kaɗan, sai ka kama idon da ke kallon ƙasa da leɓen da ke rawa, ba tare da ka sa ta yi abin da ɗiyar kirki ba ta yi ba. Wannan ɗauka ɗaya ta fi mini shafi guda na magana.

Na ɗauki hirar mutum biyu, da aka zo tacewa sai ga su kamar ba juna suke kallo ba. Me ya jawo?

Ka tsallake layi ne. Ka ƙaddara akwai igiya miƙe daga idon wannan zuwa idon wancan. Gefen da ka fara ɗauka, can za ka zauna har fitowar ta ƙare, shi ake kira ƙa'idar digiri 180. Muddin kana gefe ɗaya, na hagu yana kallon dama, na dama yana kallon hagu. Da zarar ka haura, dukansu sai su fuskanci waje ɗaya. Tun da a ƙasa muke aiki, ka ja layin da ƙafarka a yashi kowa ya gani.

In kuma za ka sake ɗaukar mutum ɗaya, ka gusa aƙalla digiri 30 ko ka canza girman ɗaukar, in ba haka ba hoton zai yi tsalle. A majalisar shayi, inda mutane suka yi da'ira, layin yana sauyawa duk sa'ad da wani ya karɓi magana, don haka ka riƙa komawa ɗaukar nesa mai kallo ya tuna wa ke ina.

A cikin hoton fa, ina zan sa mutum?

Yawancin wayoyi suna da layuka huɗu da ke raba allo gida tara, ka kunna su. Idon ɗan wasa ya hau layin sama, jikinsa ya ɗan koma gefe, ka bar fili ta inda yake kallo. Tsakiya tsaf ta dace da lamido a fadarsa ko mai magana da mu kai tsaye. Ka lura da hula da ɗaurin ɗankwali, ko su shigo duka ko ka matso sosai, kada ka yanke su a rabi.

Sannan ka janye mutane daga jikin bango. Hoto yana son abu a gaba, abu a tsakiya, abu a baya: tulu kusa da kyamara, masu hira a tsakiya, yaro yana wucewa can nesa. Ƙofar zaure kyauta ce a gare mu. Ka tsaya cikin duhunta ka ɗauki tsakar gida mai haske, ido da kansa zai bi. Kafin ka danna, ka duba kusurwoyi huɗu, kada turken lantarki ya tsiro a kan jarumi.

Ranarmu tana da zafi, fuskoki suna fitowa baƙi ƙirin. Ina mafita?

Da tsakar rana hasken daga bisa yake faɗowa, ramin ido ya yi duhu, hula ta rufe goshi da inuwa. In ɗan wasa ya sa farar babbar riga, kyamara takan auna hasken rigar ta bar fuskar. Ka danna kan fuskar a allo ka kulle awon a nan, wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar mata da haske. Inuwar darbejiya, wadda Marwa ta cika da ita, tana taimako, amma ka kula da ɗigo-ɗigon rana da ke ratso ganye, ka nemi inda ta yi kauri.

Hantsin farko da bayan la'asar su ne lokacinka. Na yamma ba ya jira, don a nan rana tana faɗuwa da sauri, saboda haka ka gama gwaji tun kafin sallah. Hazon Disamba zuwa Fabrairu yana tausasa haske a fuska, amma yana mayar da sama fari fat, sai ka rage ta a hoton. A Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40, ka riƙa kare waya a inuwa don takan ɗauki zafi ta tsaya. Da dare kuma ka sa ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, domin wutar lantarkin Kamaru da Chadi mai bugu 50 ce cikin daƙiƙa, in ka sa a hoto 30 wasu fitilu sukan yi ƙyafta.

A tsaye zan riƙe waya ko a kwance?

Fim a kwance, 16:9, wato faɗi 16 tsayi 9. A tsaye na TikTok ne, mutum ɗaya yake ɗauka da kyau, biyu sai sun matsu. Kada ka kai wayar dab da fuska, babban idonta yana kumbura hanci. Ka ja baya ka ɗauka da ido na biyu in tana da shi.

Ina ake koyon wannan sosai?

Ana karantar da fim a Jami'ar Yawunde ta ɗaya da makarantar fasaha ta Fumban. Akwai bukukuwan fina-finai: Écrans Noirs da darakta Bassek Ba Kobhio ya kafa a Yawunde a 1997, da FESPACO na Wagadugu tun 1969. Ka nemi aikin daraktan Chadi Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe, wanda ya karɓi kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2010, don rana da ƙura da gidajen da yake ɗauka irin namu ne. Ka kashe sauti, duk inda hoto ya canza ka tsayar, ka zana a takarda inda kyamara take da tsayinta. Bayan nan ka tara abokai uku ku ɗauki gaisuwar yaro ga kakansa ba magana, sau ɗaya kana tsaye, sau ɗaya kana zaune, ku kwatanta. In a gidan mutane ne ko ƙofar fada, ka nemi izini kafin ka fito da kyamara, barikin soja da shingen jami'an tsaro kuwa kada ka nuna musu ita ko da wasa.