Ƙwan LED ya dusashe kafin wata uku: me doka ta ba mai saye?

In ka sayi ƙwan lantarki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, mai shago zai murɗa shi a soket ya kunna a gabanka. Ya kama, ka biya, kowa ya kama gabansa. Da yawa sun ɗauka ciniki ya ƙare ke nan. A wurin doka kuwa da saura.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu saye, ke aiwatarwa, ta ce a sashe na 131 mai saye yana da haƙƙin samun kaya mai inganci, marar aibi, wanda zai yi ƙarko daidai gwargwado. Sashe na 132 ya ƙara da cewa in kayan ya gaza haka cikin wata uku da karɓarsa, kana iya mayar wa wanda ya sayar maka, ya gyara, ya canza, ko ya dawo maka da kuɗinka. Rubutun "ba a mayar da kaya" a ƙasan rasit ba ya soke wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwan da bai mutu ba, amma ya zama kamar aci-bal-bal. Wani tela maƙwabcina a Tudun Wada ya sa ƙwai biyu a saman kekensa cikin watan Maris, ƙarƙashin rufin kwano. Kafin Mayu hasken ya ragu ya koma shuɗi-shuɗi, har sai ya fito da shadda bakin ƙofa kafin ya dace da zare. Da ya koma, aka ce masa, "Alhaji, ai yana kamawa."

Kamawa daban, aiki daban. In ka ɓalle farar hular ƙwan za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa. A ƙarƙashin kowanne akwai ƙwayar da ke fitar da shuɗin haske, irin wanda Akasaki da Amano da Nakamura suka samu kyautar Nobel a kansa a 2014. Shafen nan mai ruwan ɗorawa shi ne fosfo: yana shan wani ɓangare na shuɗin ya mai da shi rawaya, haɗuwarsu ce idonka ke gani fari. Zafi na rage wa fosfo ƙarfi, yana kuma ƙona ƙaron da ke riƙe da shi. Ƙwan kirki na da gindin alminiyom mai janye zafin. Na banza roba ce zalla, shi ya sa ba shi da nauyi a hannu. Gwajin daƙiƙa biyar a shago ba zai taɓa nuna wannan ba.

Masu ƙera ƙwan ma ba sa jiran ƙwai ya mutu. Suna ƙirga rayuwarsa ne zuwa lokacin da haskensa ya sauka zuwa kashi 70 cikin ɗari. Saboda haka a ganina ƙwan da aka rubuta wa dubban awoyi a kwali, ya dusashe cikin makonni, bai cika ƙarkon da sashe na 131 ke nufi ba.

Mai shago ma yana da nasa: in wutar janareta ce ta yi sama ta ƙone shi, ko ka cusa shi cikin rufaffen gilashi, zai ce laifinka ne. Don haka karɓi rasit, ajiye kwalin, ka rubuta ranar saye a gindin ƙwan. In an ƙi sauraronka, FCCPC na karɓar koke.