Yaya ake nazarin rubutacciyar waƙa? Amsoshi ga ɗaliban Hausa na Legas

Ɗalibai masu shirin rubuta Hausa a WAEC da NECO, daga Agege zuwa Idi-Araba, sun sha kawo waɗannan tambayoyi.

Tambaya: Malam, daga ina zan fara?

Amsa: Rera ta da baki kafin ka ɗauki biro. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, alhali karin waƙa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi ya ginu. Wannan ya fi shafar wanda ya tashi a Legas, kunnensa ya cika da Yarbanci da Turancin buroka. Idan ka yi shakkar wata kalma, kai wa dattijo a unguwa ya furta maka. Ni a ganina, wanda bai ji waƙa da kunne ba bai fara nazarinta ba.

Tambaya: Dole ne in san aruli?

Amsa: Aruli shi ne ilimin auna karin waƙa na Larabawa, kuma ba sai ka haddace shi ba. Ka dai sani cewa Khalil ɗan Ahmad na Basara ne ya tsara ilimin a ƙarni na 8, kuma malamanmu sun auna waƙoƙin Hausa da yawa da karuruwansa.

Tambaya: Me ake nufi da zubi da tsari?

Amsa: Ƙirga ɗangwayen baiti, wato layukansa: ƙwar biyu ce (layi biyu) ko ƙwar biyar (layi biyar)? Sannan ka nemo amsa-amo, wato sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layuka, babba a ƙarshen baitoci, ƙarami a cikinsu. Duba kuma ko ta buɗe da basmala da salati, ta rufe da addu'a ko sunan mai ita.

Tambaya: Na gano jigo da adon harshe, amma maki kaɗan nake samu. Me ya sa?

Amsa: Nan ne gizo ke saƙa. Ɗalibai da yawa sukan rubuta "akwai mutuntarwa" (wato ba wa abin da ba mutum ba halin mutum) su wuce. A ce marubuci ya ce "teku ta yi fushi ta cinye gaɓa". Faɗin sunan adon bai isa ba. Me ya sa ya zaɓi fushi? Wa tekun take wakilta, mai mulki ko ƙaddara? Yaya wannan ya ƙarfafa jigon? Haka ma jigo: kada ka ce "gargaɗi" ka yi shiru. Kawo baitin da ya fito da shi ƙarara, ka bi sawunsa baiti bayan baiti, ka nuna inda marubucin ya ratse zuwa ƙaramin jigo da inda ya komo kan hanya.