Me ake nufi da fataucin namun daji?

An fi jin wannan magana a labaran rediyo, yawanci bayan an ce jami'an kwastam sun buɗe wata kwantena a Legas sun tarar da hauren giwa a ƙarƙashin katako. Mai sauraro a Fagge ko Kurna sai ya ɗauka harka ce ta mutanen bakin teku da 'yan ƙasar Sin, shi babu ruwansa. Amma in aka bi ma'anar daki-daki, za a ga hanyar ta biyo ta Kano, har ta shiga wasu gidajen namu ta zauna a tsakar gida.

Fataucin namun daji shi ne kamawa, ko saye da sayarwa, ko jigilar dabbar dawa wadda doka ta kare, da ranta ko wani sashe na jikinta. Haure, ƙaho, fata, ɓawo, gashi, ƙwai, kai, duk suna ciki. Kuma ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Akwai maharbin da ya shiga daji, da dillalin ƙauye da ya karɓa a hannunsa, da mai tarawa a birni, da wanda ya san yadda ake sauya wa kaya suna a takarda, sai mai saye a can ƙarshe. Duk hannun da kayan suka faɗa kuɗinsu ƙaruwa yake, wanda ya sha ƙaya da cizon sauro shi ne mai ƙaramin kaso.

Kada a haɗa shi da farauta irin wadda muka gada. 'Yan farauta da ke fita da rani da karnuka da gora, su dawo da zomo da gafiya da 'yar gada, suna da nasu laifin, musamman cinna wa daji wuta, amma tukunya suke yi wa aiki, tukunya kuwa tana cika. Wanda aka aiko wa saƙo daga wata ƙasa cewa ko nawa ya samu a kawo, shi ba shi da ranar cewa ya isa. Abin da doka take dubawa shi ne wace dabba ce, a ina aka kama ta, kuma da izinin wa. Zomon da aka kama a bayan gari daban, barewar da aka harbe a cikin dajin Falgore da gwamnati ta keɓe daban.

Mu Kanawa ba baƙin wannan ciniki ba ne. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma kan tashi daga nan da gashin jimina da hauren giwa da jemammun fatu, su ratsa Sahara zuwa Tarabulus. A lokacin halastaccen fatauci ne, babu wanda ya hana. Bambancin shi ne dajin da ya ɗauki nauyin wancan ciniki ya tafi. Jiminar dawa ta yi ƙaranci ƙwarai a duk yankin Sahel. Giwayen da suka rage a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne, garke mafi shahara shi ne na Yankari a Bauchi. Zaki kuwa sai a Yankari da dajin Kainji, su ma ba su kai 50 ba. Baƙar karkandar Afirka ta Yamma, wadda arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe, an sanar da ƙarewarta a 2011.

Ma'aunin da duniya take amfani da shi wata yarjejeniya ce da ake kira CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washinton na Amurka ranar 3 ga Maris, 1973, ta fara aiki a 1975. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka shiga tun farko. Ta kasa dabbobi da tsirrai gida uku. Rukunin farko su ne waɗanda suke bakin ƙarewa, an haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe in daga daji aka kamo su. Na biyu ana iya cinikinsu amma sai da takardar izini. Na uku waɗanda wata ƙasa ta nemi a taya ta sa musu ido. An sa giwar Afirka a rukunin farko a 1989, shekarar da shugaban Kenya Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a bainar jama'a. Ita ma Sin, wadda ta fi kowa sayen haure, ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017.

Dabbar da ta fi jawo wa Nijeriya baƙin suna a 'yan shekarun nan, da yawanmu ba mu taɓa ganin ta ba. Ɗankunya ke nan, wata 'yar halitta mai ɓawo a jiki kamar sulke, ba ta da haƙori, tururuwa da gara take lasa da dogon harshenta. In ta ji tsoro sai ta dunƙule wuri ɗaya. Wannan dabara tana sa damisa ta gaji ta tafi, amma ga ɗan Adam sauƙi ta yi masa, ɗauka kawai zai yi ya jefa a buhu. Ana kai ɓawon Asiya don haɗa magungunan gargajiya, alhali sinadarin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin farcen mutum da gashinsa. A taron Johannesburg na 2016 aka mayar da dukkan nau'o'inta takwas rukunin farko. Duk da haka, a watan Afrilun 2019 hukumomin Singafo sun kama kwantena biyu cikin 'yan kwanaki, kowace ɗauke da kusan tan 13 na ɓawon, sun taso daga Nijeriya za su Biyetnam. Ta farko an rubuta a takardarta cewa daskararren naman shanu ne. Ba duka a dazukanmu ake kama su ba. Ana tattaro su daga Kamaru da ƙasashen tsakiyar Afirka, a tara a nan, a fitar ta tashar jiragen ruwa. Uwar ɗankunya ɗa ɗaya take haifa a shekara. Sai a yi lissafin uwa nawa ke cikin tan 13.

To, wannan na kwantena ne. Mu dawo gida.

A tambayi duk wani dattijon mahauci yadda abbatuwar Kano take a da. Zai ce ungulaye kan rufe wurin, suna tsalle-tsallensu a kusa da mutane, sai an kore su da ƙafa. A kan rufin kasuwa suna nan, a kan juji suna nan, a kan tsamiya da kuka suna nan. Yau yaron da aka haifa a cikin birni zai iya gama firamare yana jin ana cewa ungulu ba ta jewar banza, bai taɓa ganin jewar ba. A 2015 masu lissafin halittun duniya suka sa wannan ungulun tamu ta gari a jerin waɗanda suke gab da ƙarewa. Dalilan suna da yawa, har da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, amma babba a yankinmu shi ne ciniki. Duk wanda ya saba ratsa kasuwa ya san shimfiɗar mai magani: tabarma ko buhu a ƙasa, ga saiwoyi da sassaƙe a gefe, ga busasshiyar hawainiya, ga ƙayar beguwa, ga guntun fatar kura, ga kan tsuntsu da idanunsa suka lotsa. Kan ungulu na cikin masu tsada, saboda an ce yana kawo sa'a da buɗin kasuwa da ganin abin da ke ɓoye. Don a same shi da yawa, masu kamawa kan barbaɗa guba a jikin mushe, tsuntsaye su sauka su ci su zube gaba ɗaya. Ungulu kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara.

Asarar ba ta tsaya a kan tsuntsuwar ba. Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe, aikin tsafta take yi wa gari kyauta. Indiya ta gani a jikinta: da wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe mafi yawan ungulayenta daga shekarun 1990, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. A Botsuwana kuma, a 2019, an tsinci ungulaye 537 matattu a kusa da gawar giwaye uku da mafarauta suka sa wa guba, don kada jewar tsuntsayen ta tona wa masu gadin daji inda aka yi ɓarnar.

Ɓangaren da mutane suka fi yin gardama a kansa shi ne ajiye dabba da ranta. Mai gida zai ce shi bai kashe komai ba, kiwo yake, yana ba ta abinci da ruwa fiye da abin da za ta samu a dawa. Mai sayarwa ma haka zai ce: "Alhaji, ai wannan ɗan gida ne, a hannu aka raine shi." Ɗauki aku, mai toka-tokan jiki da jan wutsiya, wanda ake ratayewa a keji a ƙofar falo yana kwaikwayon sallama da kukan waya. Ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne, na kurmi ne. Ana kama shi da danƙo da ake shafawa a reshe, ko a kwashe 'ya'yan daga kogon bishiya, a cusa su a akwati, da yawa su mutu a hanya kafin ɗaya ya iso keji. Bincike a Gana ya nuna ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta daga 1992. Shi ma an mayar da shi rukunin farko a 2016. Haka gauraka, mai tukku kamar zinare, da ake sakewa a harabar manyan gidaje don ado. A dajin Nijeriya ta kusa zama labari, waɗanda ake gani a gidaje yawanci daga ƙasashen maƙwabta ake kawo su. Ga kuma masu wasa da kura da biri, da sarƙa da takunkumi, yara na bin su da ihu. Kowa ya yi kallo yana yaro, amma kurar nan ba a gida aka haife ta ba.

Ga manyan birai abin ya fi muni, domin uwar gorila ba ta sakin ɗanta da rai, sai an harbe ta, sau da yawa har da wasu daga garken. A 2002 an fitar da 'ya'yan gorila huɗu daga Nijeriya zuwa wani gidan namun daji a Malesiya da takardun da suka ce a gidan kiwo aka haife su. Ƙarya ce, daga daji aka kamo su. Sai da aka shekara biyar ana ja-in-ja kafin a mayar da su Kamaru a 2007. A Disambar 2024 ma an kama wani jaririn gorila a cikin akwati a filin jirgin saman Istanbul, ya taso daga Nijeriya za a kai shi Tailan.

Ni a ganina ba ma buƙatar wani Bature ya koya mana wannan. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wasu sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle kuwa, ɗan Islamiyya ma ya haddace shi.

Ba kowane killacewa ne laifi ba. Mariri, wani dangin barewa mai dogayen ƙahoni, wanda hotonsa kawai ya rage a Sahel har aka ce ya ƙare a daji a shekarar 2000, ya tsira ne saboda garkunan da aka adana a wuraren kiwo. Daga 2016 aka fara sakin su a Cadi, yanzu suna haihuwa a dawa. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, yau sun haura 600, saboda an hana taɓa su kuma manoman yankin suna amfana da masu zuwa kallo. Gidan zu irin na Audu Bako da ke nan Kano shi ma yana da gurbi, in dai dabbobinsa ta halastacciyar hanya suka zo kuma ana kula da su. Tambayar dai ita ce daga ina dabbar ta fito, kuma zamanta a keji ƙara yawan 'yan uwanta yake ko rage su.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta kafa tata a 1985, zamanin mulkin soja, ta hana farauta da kamawa da cinikin dabbobin da ke jerin farko na dokar. Tarar laifin farko naira 1,000 ce, kuma haka ta zauna shekara 31, har ta koma abin dariya ga wanda ke juya miliyoyi. A 2016 aka yi mata gyara, tarar ta koma naira miliyan 5. Hukumar kwastam da hukumar kula da muhalli ta NESREA su ne ke kan gaba wajen kamen. A Oktoban 2023 an ƙona kusan tan 4 na ɓawon ɗankunya a Abuja, a Janairun 2024 aka niƙe tan 2.5 na hauren giwa. Waɗannan kaya ne matattu, wuta ko inji ya isa ya gama da su. Mai wahalar ita ce dabbar da aka ƙwato da rai. Akun da aka datse wa fiffike sai ya jira sabon gashi ya fito, birin da ya saba karɓar abinci a hannun mutum bai san yadda zai nemi nasa ba, kuma wuraren da ke karɓar irin waɗannan a ƙasar nan kaɗan ne, yawancinsu a kudu suke.