Hasken lesa a gajeren fim: me ya sa naka yake kama da zanen alli?

Kwanan baya wani ƙanena ya kawo mini bidiyon da suka ɗauka da abokansa a duwatsun Shere. Fim ne irin na yaƙin sararin samaniya, sun yi shi da waya don sha'awa kawai. Bindigogin bututun ruwa ne na roba da aka shafa wa baƙin fenti, kuma wallahi sun yi kyau. Amma da aka zo harbi, sai ga wani jan layi ya fito ƙiƙam a kan hoton, kamar an zana da alli. Shi kansa dariya ya yi. Tambayoyin da ya yi mini, da waɗanda masu koyon tace fim a nan Jos suka saba yi, su na tattara.

Na zana jan layi daga bakin bindiga, amma bai yi kama da haske ba. Ina matsalar take?

Launin ne ya yaudare ka. Ka ɗauki wayarka da dare ka haska jan ƙwan fitila, ka duba hoton da kyau: tsakiyar fari ce fat, jan yana gefe. Duk hasken da ya fi ƙarfin kyamara, fari take nuna shi. Idon mai kallo ya saba da haka ko bai sani ba, shi ya sa jan layi zalla yake zama fenti a wurinsa.

Sai ka gina shi falle-falle. Siririn farin layi a tsakiya, a ƙarƙashinsa jan layi mai ɗan kauri da aka dusashe kaɗan, sannan wani mai faɗi da aka dusashe sosai har ya kusa ɓacewa. Ka haɗa su da hoton ta hanyar Add ko Screen, wato zaɓin gauraya hotuna da ke cikin manhajar tace fim, domin su ne suke ƙara haske a kan abin da ke ƙasa maimakon su rufe shi.

Na yi duk wannan, har yanzu kamar an liƙa shi. Me ya rage?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma gyaran ba a kwamfuta yake ba. Idan aka ƙyasta ashana a ɗaki mai duhu, ba wutar kaɗai ake gani ba: fuska tana haskakawa, bango ma haka, inuwa tana motsi. A bidiyon ƙanena, an harba abin da aka ce zai narka dutse, amma fuskar mai harbin ko gezau. Ƙwaƙwalwa tana lura da wannan kafin mutum ya gane abin da ya dame shi.

Saboda haka tun a wurin ɗauka ake fara aikin lesa. Ka samu tocila mai ƙarfi ko fitilar caji, ka rufe bakinta da jar leda mai shara-shara, ka ba wani ya tsaya daf da inda kyamara ba ta kama shi. Duk lokacin da jarumi ya danna kunama, shi kuma ya watso hasken a fuskarsa da hannunsa, ya ɗauke nan take. Kunna irin waɗannan fitilu da maɓalli yakan yi jinkiri, gara a bar ta a kunne a riƙa buɗewa da rufewa da kwali. Haka za a yi wa wanda aka harba. Da muka sake ɗaukar fitowar bayan magariba, muka yi wannan dabarar, tun kafin a zana komai harbin ya fara kama da gaske.

Ka guji filashin kyamara. Yawancin wayoyi layi-layi suke karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, sai ka tarar rabin hoton ya haskaka, rabi duhu. Kuma da tsakar rana tocila ba ta da tasiri, rana ta cinye ta. Yamma liƙis, ko cikin ɗaki, ko inuwar dutse.

To me zai hana in sayi lesa ta gaske, irin koriyar nan, in ɗauka kai tsaye?

Abu biyu. Na farko, a iska mai tsabta ba a ganin hanyar lesa, ɗigon da ta sauka kawai ake gani. Sai ta bugi ƙura ko hayaƙi sannan layin ya bayyana. Idan kana son hasken da ke ratsa ɗaki, irin na tarkon tsaro, hayaƙin turaren wuta a kasko ya isa, ka fifita shi ya baje kafin a ɗauka. Hazon hunturu ma yana taimakawa da dare.

Na biyu shi ne haɗari. Lesar da ƙarfinta ya wuce miliwat 5 tana iya lalata ido cikin ƙiftawa, kuma waɗanda ake sayarwa a kasuwa ba kullum abin da aka rubuta a jikinsu yake zama gaskiya ba. Tana ƙona idon kyamara ma. Kada a nuna ta ga fuskar kowa, ko madubi, ko direba, ko jirgin sama. Ni dai in harbi ne, zanawa nake yi.

Tsawon wane lokaci harbin zai ɗauka a allo?

Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka da gaskiya za a bi, ba wanda zai ga tafiyarsa. Ƙaryar da masu kallo suka amince da ita muke yi. Idan kana ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, hoto uku zuwa biyar sun isa harsashin hasken ya ƙetare allo. A hoton farko ka sa walƙiya a bakin bindiga, a na ƙarshe tartsatsi da ɗan hayaƙi a inda ya sauka. Ya riƙa ƙanƙancewa in yana nisa, gefensa kuma ya ɗan dusashe kamar kowane abu mai gudu. A sa jarumi ya ɗan girgiza hannu ma, kada ya tsaya kamar gunki.

Takobin haske fa, idan ya bi ta bayan mutum?

Sai haƙuri. Jarumi ya riƙe sanda mai launin da ke fita, kai kuma ka bi ta hoto bayan hoto, kana yanke hasken a duk inda kafaɗa ko kai ya tare. Ko a Star Wars na 1977 da hannu aka bi takubban ana ƙara musu haske da launi. Faɗan daƙiƙa 10 hoto 250 ke nan, don haka ka taƙaita, kuma ka kafa kyamarar a kan ƙafa.

Wace manhaja zan yi amfani da ita?

DaVinci Resolve da Blender kyauta ne, sai dai suna son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Mai After Effects ya nemi Saber, ƙarin kayan aikin zana haske da kamfanin Video Copilot ya saki kyauta. A waya, CapCut da KineMaster suna da Screen. Duk wadda ka zaɓa, ka zuba wa hasken ɗan tsakin nan da ke cikin hoton dare, don kada ya fi sauran hoton tsabta.

Sauti kuma?

Kashe sauti ka kalli harbinka, za ka ga rabin ƙarfinsa ya tafi. Ben Burtt, mai tsara sautin fim, ya samo ƙarar bindigogin Star Wars ne ta hanyar buga wayar ƙarfe da ke ɗaure da turken rediyo. Kai kada ka je kusa da turken lantarki. Ɗaure doguwar wayar ƙarfe a tsakar gida ka ja ta tamau, ka jingina makirfon wayar hannunka a jikinta, ka ƙwanƙwasa ɗaya ƙarshen da cokali.

Za mu iya ɗauka a bakin titi?

Da bindigar roba a hannu, a garin Jos? Ku fara sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma bututun ya zauna cikin buhu har sai an ce a fara ɗauka.