Waiwaye: yadda aka yi fiziks na zamani ya shigo ajin jami'a

Duk wanda ya karanta fiziks a jami'a ya san akwai wani zango da kan ɗalibi ke ɗaurewa. Ka fito daga sakandare da dokokin Newton ɗinka, ka san in an jefa dutse sama ga inda zai faɗo, aji ɗaya ma kusan maimaici ne da ɗan ƙari, sai kawai a aji biyu ko uku a kawo maka kwas ɗin da ake ce wa fiziks na zamani, malam ya tsaya gaban allo ya ce maka agogon da ke cikin gudu yana jinkiri a kan wanda ke zaune, ya ce ilaktaron, ɗan mitsitsin abin nan da ke ɗauke da lantarki, yana tafiya kamar igiyar ruwa amma in ka kama shi ƙwaya ɗaya za ka samu. A nan ne mutane da yawa ke kwasar kari-oba, wasu kuma su haddace handawut su wuce ba tare da sun yarda da ko layi ɗaya ba. Ni a ganina matsalar ba taurin kai ba ce, an raba mu ne da labarin yadda aka yi aka zo nan. Abin da ake kira na zamanin nan fa ya haura shekara 120, kuma babu wanda ya zauna ya ƙirƙiro shi don nishaɗi, awo ne ya ƙi bin lissafi har aka rasa yadda za a yi.

A ƙarshen ƙarni na 19 masana a Turai gani suke an kusa gama fiziks. Akwai Newton a kan motsi, akwai Maxwell a kan lantarki da maganaɗisu da haske, saura 'yan gyare-gyare. Sai ƙananan abubuwa suka fara ƙin zama. A 1887 Michelson da Morley a Amurka suka auna gudun haske ta fuskoki daban-daban suna sa ran ganin bambanci saboda tafiyar da duniya ke yi, ba su ga komai ba. Sannan ga wata tambaya da ko a maƙera za ka ganta: ƙarfe in ya sha wuta ya yi ja, in an ƙara zuga ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi fari. An auna wannan hasken tsaf a Balin, amma lissafin da ake da shi ya kasa fitar da abin da aka auna. Max Planck ne a Disamba 1900 ya ce lissafin zai fita in aka ɗauka makamashi ba ya kwarara kamar garin sukari, zuwa yake kamar sukari mai ƙwaya, ko ɗaya ko biyu, babu ɗaya da rabi. Wannan ƙwayar ita ce kwantum. Shi kansa Planck bai ji daɗin abin ba, ya daɗe yana neman hanyar komawa tsohon tsari.

A 1905 Einstein yana ɗan shekara 26, ba ma a jami'a yake ba, ma'aikaci ne a ofishin rajistar ƙirƙira a birnin Bern na Suwizalan. A shekarar ya ce haske ma ƙwaya-ƙwaya ne, shi ya sa wani launin haske ke fizgo ilaktaron daga jikin ƙarfe wani kuma ko ka ƙara masa ƙarfi ba ya fizgowa. A shekarar dai ya kawo rilatibiti na farko: in gudun haske, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa, ɗaya ne ga kowa ko yana tafiya ko yana tsaye, to dole lokaci da tsayi ne za su canja. Mutane da yawa ba su san lambar Nobel ɗinsa ta 1921 a kan maganar haske da ƙarfe aka ba shi ba, ba a kan rilatibiti ba.

Bayan shekara goma, a Nuwamba 1915, ya kammala babban rilatibiti, wanda ya ce nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci, har haske in ya zo wucewa kusa da rana sai ya ɗan karkace. Wannan wurin ina son in ɗan tsaya, don gwajin da ya ɗaga sunan Einstein a duniya a nan kusa da mu aka yi rabinsa. Ranar 29 ga Mayu 1919 an yi husufin rana, Arthur Eddington daga Ingila ya kwaso kayan awonsa ya zo tsibirin Principe a tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, wata tawagar kuma ta tafi Sobral a Barazil. Dabarar ita ce in wata ya rufe rana taurarin da ke gefenta za su fito, sai a ɗauki hotonsu a ga ko sun gusa daga inda aka san su. Ranar a Principe da ruwan sama aka tashi, gajimare ya rufe ko'ina, sai dab da lokaci ya ɗan yaye, hotuna kaɗan ne suka yi amfani. Da aka haɗa da na Barazil aka sanar a Landan cikin Nuwamba cewa taurarin sun gusa kamar yadda Einstein ya lissafa. Na yi shekara huɗu ina karatun nan ba wanda ya taɓa faɗa mana wannan a aji, daga baya na karanta da kaina.

Ɓangaren kwantum kuwa tafiyar ta fi sarƙaƙiya. Rutherford a Manchesta ya gano a 1911 cewa kusan duk nauyin atam, wato ƙwayar zarra da komai ya ginu da ita, yana cikin wata 'yar cibiya a tsakiya, Bohr a 1913 ya yi wa ilaktaron matakai kamar na bene, lissafin ya yi daidai a kan haidirojin amma da an matsa gaba sai ya watse. De Broglie a Faransa ya rubuta a kundin digirinsa na uku a 1924 cewa ilaktaron ma igiya ce. A shekarar wani malami a Dhaka, Bose, ya aika wa Einstein takardarsa, Einstein da kansa ya fassara ta zuwa Jamusanci aka buga. Sai 1925, Heisenberg yana ɗan shekara 23, atishawa da kumburin fuska na lokacin furanni suka kore shi zuwa tsibirin Helgoland, a can ya fito da wani lissafi wanda in ka juya tsarin ninkawa amsa ta canja, shi bai ma san sunan abin ba sai da malaminsa Max Born ya gane matiris ne, wato lambobi da aka jera layi-layi a jadawali. A 1926 Schrödinger ya kawo nasa lissafin na igiya, wanda shi ne ake jibga wa ɗalibai yau, Born kuma ya ce abin da lissafin ke ba ka yiwuwa ce kawai, wato ina ne aka fi sa ran samun ilaktaron. Einstein har ya mutu a 1955 bai gamsu da cewa maganar ta ƙare a nan ba. To in waɗanda suka gina abin sun yi shekaru suna musu a kai, ɗalibin da ya rikice a mako na uku ai ba laifinsa ba ne.

A wancan lokacin in kana son koyon wannan ilimi Göttingen za ka je a Jamus, ko Kopenhagen wajen Bohr, ko Kambirij. Oppenheimer ma, wanda daga baya ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka, a Göttingen ya yi digirinsa na uku a 1927 ƙarƙashin Born. Da Hitila ya hau mulki a 1933 aka kori malamai Yahudawa daga jami'o'i, Born ya tafi Birtaniya, Einstein ya zauna a Princeton, cibiyar ilimin ta koma Amurka. Yaƙi ya zo, bam ɗin Hiroshima da Nagasaki a 1945 ya sa gwamnatoci suka gane wannan ba hirar malamai ba ce, a 1947 kuma aka ƙera taransista, ɗan mitsitsin makunnin lantarki, wanda ba don kwantum ba da ba a fahimci yadda yake aiki ba, shi ne kuma ke cike da wayar da ke hannunka. Kuɗi suka shigo, ajujuwa suka cika maƙil, salon koyarwa ya canja: aka rage tambayar me abin yake nufi, aka koma ga warware lissafi, don shi ne ke da sauƙin koyarwa da sauƙin makin jarrabawa in ɗalibai sun yi yawa. Babban rilatibiti ma ajiye shi aka yi gefe tsawon shekaru, sai a shekarun 1950 irin su John Wheeler a Princeton suka dawo da shi aji.

Wannan salon na bayan yaƙi shi muka gada. Kwalejin Jami'a ta Ibadan an buɗe ta a 1948, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, manhaja da littattafai daga Ingila da Amurka suka zo a lokacin da can ma lissafin ya riga ya rinjayi labarin. Bambancin shi ne su suna da ɗakunan gwaji da ke cike gurbin. Abdus Salam ɗan Pakistan ya san wannan ciwon, don shi ma sai da ya bar gida kafin ya iya ci gaba da bincike, shi ya sa ya kafa cibiya a Trieste ta Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa su riƙa zuwa suna komawa gida, ya kuma ci Nobel a 1979. A Zariya akwai cibiyar binciken makamashi da ke da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, tana aiki tun 2004. Kuma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum, cika shekara 100 da aikin Heisenberg, Ghana ce ta gabatar da ƙudurin.

Masu cewa wannan karatu ba shi da amfani a wurinmu, duk lokacin da suka buɗe taswira a waya rilatibiti suke amfani da shi. Agogon da ke cikin taurarin ɗan'adam na GPS, masu nuna wa waya inda take, yana gaba da na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, in ba a gyara ba kuskuren wuri zai kai wajen kilomita 10 a rana ɗaya. Ni abin da ya fi damuna shi ne gwajin da ba ya buƙatar miliyoyi ma ba a yi. A lokacinmu furaktikal ɗin kwas ɗin a takarda muka yi shi, an ce na'ura ta lalace. Alhali da 'yan ƙananan fitilun LED, ja da kore da shuɗi, da batir da mitar awon boltej irin ta masu gyaran rediyo, ɗalibi zai iya duba boltej ɗin da kowace fitila ke fara kamawa, ya zana giraf, ya fitar da lambar Planck, wato adadin da ake lissafa girman ƙwayar makamashin nan da shi, da hannunsa kusa da yadda take a littafi. Kayan duka a kasuwar 'yan lantarki ake sayar da su.