Cire tabon jar giyar inabi

Jar giyar inabi tana cikin abubuwan da tabonsu ke wuyar fita daga tufa, kafet da mayafin tebur. Launinta yana fitowa ne daga wani sinadari da ke cikin ɓawon inabi, mai suna antosayanin, wanda ke shiga zaren yadi ya kama shi kamar rini. Auduga da lilin su suka fi saurin shanye shi. Muddin tabon na da danshi ana iya cin ƙarfinsa, amma idan ya bushe, ko zafin guga ko na injin busarwa ya taɓa shi, aikin ya ƙara wuya.

Abu na farko shi ne a danna wurin da farin ƙyalle mai tsabta ko takardar goge hannu, daga gefen tabon zuwa tsakiya. Ba a gogawa, domin gogawa tana tura launin cikin zare ta kuma faɗaɗa shi. Sai a juya tufar a zuba ruwan sanyi ta bayanta, ruwan ya kori giyar ta inda ta shigo.

Gishiri ya fi kowane magani shahara. Ana lulluɓe tabon da shi, a bar shi har ya koma ruwan hoda, a kakkaɓe. Tsotse danshi kawai yake yi, ba ya taɓa busasshen tabo. Bekin soda ma tana tsotsa, sai dai tana iya mayar da jan tabo shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, saboda antosayanin yana sauya launi gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi. Wanda ya ga haka kada ya ɗauka tabon ya tafi. Farar giya da wasu ke zubawa a kai kuwa sirka launin kawai take yi, abin da ruwa ma zai yi.

Ga farin yadi, haɗin da ya fi aiki shi ne sabulun ruwa na wanke-wanke da haidurojin feroksaid (ruwan wanke ciwo da ake samu a kemis) mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari. Ana shafawa, a bar shi kamar minti 20 zuwa 30, a ɗauraye. Yana iya koɗar da yadi mai launi, don haka sai an fara gwadawa a wani ɓoyayyen gefe. Mayafin tebur na auduga kuma ana ɗame shi a bakin kwano, a kwararo tafasasshen ruwa daga sama.

Siliki da ulu ba sa jure bilic ko ruwan zafi; ƙwararrun masu wanki ne suka dace da su. Farin ruwan khal yana taimakawa a kan kafet, amma yana cinye dutsen marmara, kuma haɗa shi da bilic yana fitar da iskar kulorin mai guba. Ba a sa tufa a injin busarwa ko a yi mata guga sai an duba ta a haske an tabbatar babu sauran ja.